Yadda ake gano GID ɗin da ya dace a katin RDMA a Linux

Sau da yawa ping yana tafiya lafiya lau tsakanin kwamfutoci biyu, amma da zarar an gwada RDMA, wato hanyar da kwamfuta ke aika bayanai kai tsaye cikin ƙwaƙwalwar wata kwamfutar, sai abin ya cije. Ni dai, duk sanda na ga haka, teburin GID, wato jerin adireshin da katin RDMA yake amfani da su, nake fara dubawa, domin a nan matsalar ta fi ɓuya.

Da farko ka san irin hanyar da katinka yake kai. Buga ibstat ka dubi layin "Link layer". In InfiniBand ne, kowace kafar katin (port) tana da LID, wato lambar adireshi mai bit 16, wanda manajan sabnet (manhajar da ke kula da hanyar InfiniBand), irin su OpenSM, yake rabawa. In ka ga LID sifili ne, kafar kuma ta maƙale a "Initializing", to manajan bai tashi ba, sai ka tayar da shi tukuna. In kuwa Ethernet ne, RoCE kake yi, wato RDMA a kan Ethernet, babu ruwanka da LID.

Daga nan ka shiga /sys/class/infiniband/mlx5_0/ports/1/gids/, ka sauya mlx5_0 da sunan naka katin. Kowane fayil gurbi ɗaya ne, ɗauke da adireshi mai bit 128 da ya yi kama da na IPv6. A RoCE, kanel, wato zuciyar Linux, shi ne da kansa yake cika teburin: duk adireshin IP da ka ɗora wa katin, sai ya buɗe masa gurbi. Misali, 192.168.10.5 zai fito da jerin sifili a gaba, ƙarshensa ffff:c0a8:0a05. In ba ka ga naka ba, ka koma ka duba ko a kan katin da ya dace ka ɗora shi.

A nan ne ake yawan tuntuɓe. Adireshi ɗaya yakan fito sau biyu, ɗaya na RoCE v1, ɗaya na v2, kuma a ido babu bambanci. Buɗe gid_attrs/types/ da ke cikin ports/1/ ɗin nan ka karanta fayil mai lambar gurbin, shi zai faɗa maka. Na v1 ba ya ƙetare rawuta. Na v2 yana tafiya cikin UDP ta tashar 4791, saboda haka yana ƙetarawa. Dole ɓangarorin biyu su zaɓi iri ɗaya.

Don Allah kada ka kafe lambar gurbi a cikin manhajarka. Ana ƙara adireshi ko a cire, lambar na iya sauyawa. Ka bar wa rdma_cm, mai kula da ƙulla haɗin RDMA, aikin: in aka kira rdma_resolve_addr, kanel zai duba teburin hanyoyi, ya nemo MAC (adireshin kati a Ethernet) na maƙwabci, wato na'urar da saƙon zai fara isa gare ta, ta hanyar tambayar ARP, ya zaɓi kati da GID.

Sai gwaji. A kwamfutar da ke da adireshin 192.168.10.5 buga rping -s -a 192.168.10.5, a ɗayar kuma rping -c -a 192.168.10.5 -C 5 -v. In ya dawo da ADDR_ERROR, buga ip route get 192.168.10.5 ka ga ta wane kati saƙon yake fita, sannan ip neigh ka ga ko maƙwabcin ya amsa.