Yadda ake shirya macijin masara kafin barbara, kuma sanyaya shi dole ne?

Tunda makwabta a nan wajen Ringim suka ji ina kiwon macijin masara ake ta zuwa kallo, wasu da sanda a hannu. Toh shi dai ba shi da dafi, asalinsa kudu maso gabashin Amurka ne wajen su Florida, ɓera yake ci shi ya sa ake yawan ganinsa kusa da rumbunan masara.

A can idan sanyi ya shigo lafewa yake ya daina ci, shi ne masu kiwo suke kwaikwayo kafin su haɗa mace da namiji. Gaskiya ba dole ba ne, da yawa suna yin ƙwai ba a sanyaya su ba, sai dai sanyin yana taimaka wa namiji kuma yana sa su shirya lokaci ɗaya.

In za ka yi, fara duba macen tukunna, ta kai shekara 3 da nauyin giram 300, mai rama ko mara lafiya kar ka soma. Sai ka daina ba su abinci sati 2 zuwa 3 suna cikin ɗumi cikinsu ya wofinta, don abincin da sanyi ya tarar a ciki ruɓewa yake ya kashe maciji. Daga nan ka riƙa rage zafi a hankali har digiri 10 zuwa 15, wuri mai duhu, ruwan sha kullum a gabansu, sati 8 zuwa 12.

Anan ne matsalarmu take. Hunturunmu da asuba sanyi har ƙashi amma rana na ɗagawa ya koma wajen digiri 30, kaga macijin bai lafe ba kuma ba ya ci, ramewa kawai zai yi, ga wuta ba tsayayya ba balle ka dogara da firji. Ni shawarata in ba ka da inda zai riƙe sanyin dare da rana ka haƙura, ka ci gaba da ba su abinci ka bar hunturun ya yi nasa.

Wanda ya sanyaya ya dawo da ɗumi a hankali, ya ciyar da macen sosai, tana yin saɓa sai a kai mata namiji. Bayan kamar wata guda za ta zuba ƙwai 10 zuwa 30, kar ka juya su, su zauna a danshi da digiri 27 zuwa 28 kusan kwana 60.

Wallahi abin da ya fi tsorata ni bazara ce, don ƙwan zai faɗo daidai lokacin da zafi ke haura 40. Ni tukunya cikin tukunya nake sa wa, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar nan da Mohammed Bah Abba na nan Jigawa ya yaɗa don ajiye tumatir, ma'aunin zafi a ciki ina leƙawa safe da azahar.