Yadda nake canza taimin bel mai wanka cikin baƙin mai

Mu da muka koyi aiki a kan Fijo 406 da 307, abin da iyayen gidanmu suka fara cusa mana shi ne bel da mai ba sa ga-maciji. Oyil sil, robar da ke hana mai fita, ya yi yoyo ya jiƙa taimin bel, wato bel mai haƙora da ke daidaita motsin bawul da fistin, shi ke nan, bel ya tashi aiki, sai cirewa. Yau ga shi ana shigo mana da ƙananan motoci daga Kwatano da aka ƙera su bel ɗin na can cikin inji, yana juyawa cikin baƙin mai da gangan. Masu ƙirar sun yi hakan ne don rage gogayya da ƙara, a kuma ɗan tsimi fetur.

Injin da ya fi zuwa hannuna shi ne PureTech 1.2 mai silinda 3, wanda Peugeot ta fitar a 2012, mai tabo (turbo, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska) kuma ya biyo baya a 2014 da ƙarfin doki 110 da 130. Za ka same shi a 208 da 2008 da 308 da 3008, da Citroën C3, da Opel Corsa na baya-bayan nan. A kansa zan yi bayani. Ford 1.0 EcoBoost na farko-farko ma jiƙaƙƙen bel gare shi, amma aikinsa ya fi nauyi: sai an ɓalle murfin gaban inji gaba ɗaya, akwai wani ƙaramin bel na biyu da ke jan oyil fam, notin karanshaf ɗinsa kuma sai da na'urar ninka ƙarfi ake ɗaure shi. Wannan maganar wata rana ce.

A bara wata Hajiya, malamar makaranta, ta kawo mini motarta mai injin PureTech. Jar fitilar mai tana ƙiftawa idan ta tsaya a danja, tana ɗaukewa idan ta taka totur. Sau biyu an canza mata suwic ɗin mai a wani wuri. Na ce, "Hajiya, wane mai ake zuba miki?" Ta ce, "Wallahi Malam, na bakin hanya ne, mai kaurin nan, an ce shi ya fi jure zafinmu." Daga gidanta zuwa makaranta bai kai kilomita 4 ba, safe da rana, inji bai taɓa yin zafi sosai ba. Ban ko ɗauko sifana ba, na buɗe murfin zuba mai na haska tocila. A wannan injin ana hango bayan bel daga nan. Ya tsattsage kamar faso a diddige, gefensa ya fara sakin zare.

Ga abin da ke faruwa. A gajeruwar tafiya, fetur ɗin da bai ƙone ba yana silalewa ta gefen fistin ya gauraya da baƙin mai, kuma idan inji bai yi zafi na dogon lokaci ba, ba ya ƙafewa. Man da fetur ya tsinka shi ke cin robar bel. Sai ya kumbura, ya tsage, ya riƙa zubar da ɓurɓushi. Ɓurɓushin ya gangara botom filet, wato kaskon da mai ke taruwa a ƙasan inji, oyil fam ya zuƙo shi, ya liƙe a rariyar da ke bakin fam ɗin. Daga nan mai ya daina isa inda ake bukata. Har birki abin yana taɓawa, domin famfon da ke zuƙe iska ya ba sabo (servo, na'urar da ke sauƙaƙa taka birki) ƙarfi shi ma da man inji yake aiki, in ya toshe sai feda ta yi tauri kamar dutse. Saboda wannan ne kamfanin da ya ƙera PureTech ya kira dubban ɗaruruwan motoci a Turai a ƙarshen 2020 aka duba su, ya kuma rage wa'adin bel daga kilomita 180,000 ko shekara 10 zuwa kilomita 100,000 ko shekara 6. Sabon samfurin injin da ya fito a 2023 an mayar da shi sarƙa.

Wannan lissafin Turai ne. Da ƙurarmu da zafinmu da cunkoson gari, ni ina ce wa masu mota kada su wuce kilomita 60,000 ko shekara 4. Motar da ta sauka daga Kwatano kuwa ba na duba mita, tun da ba mu san hannu nawa ya taɓa ta ba. A canza kawai. Akwai wani ɗan ƙarfen gwaji mai baki kamar cokali mai yatsu biyu da ake zura shi ta bakin zuba mai. Sabon bel faɗinsa wajen milimita 16 ne. In ƙarfen ya ƙi hawa kan bel cikin sauƙi, ya kumbura ke nan.

Kafin ka taɓa noti ko ɗaya, tara kaya: bel, tenshina mai ɗame bel, ɗan fulin da bel ke bi ta kansa, oyil sil na karanshaf, gasket na murfin sama, gam na botom filet, oyil filta, mai, da sababbin notuna na karanshaf (sandar da fistin ke juyawa a ƙasa) da na fulin kamshaf biyu (sandunan da ke buɗe bawul a sama). Waɗannan notuna miƙewa suke yi idan an ɗaure su, sau ɗaya ake amfani da su. Ka ba mai sayar da kaya lambar shasi, kada ka ce masa "na 208" kawai, domin mai tabo da marar tabo suna da bambanci. Sai kayan kulle taimin: fin da ke shiga filawil, wato babban faifan ƙarfe da ke bayan karanshaf, da ƙarfen da ke zama kan kamshaf biyu ya riƙe su. In ba ka da su, ka ara ko ka saya, in kuma ba su samu ba ka mayar wa mai mota makullinsa. Alamar farin fenti ba ta aiki a nan, domin haƙorin da ke jan bel a kan karanshaf ba shi da ki, wato ɗan ƙarfen da zai kafe shi wuri ɗaya. Ƙarfin noti ne kawai ke riƙe shi, da ka sassauta ya zama sakakke. Kuskuren haƙori ɗaya ko biyu ya isa ya hana mota lafiya, fiye da haka bawul ya gaisa da fistin.

Bari inji ya huce. Cire kan batir. Ɗaga gaba a dama, ka sa mata ƙafar ƙarfe, kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Cire taya, robar cikin madigadi, da murfin ƙasa. Daga sama kuma akwatin iska, koyil uku, wayoyi da bututun da ke kan murfi. A mai tabo akwai famfon fetur mai matsi a saman inji. Naɗe tsumma ka sassauta bututunsa a hankali, fuskarka a gefe, kuma idan za a mayar sabon bututu ake sawa. Kafin ka ɗaga murfin sama ka hure ƙurar da ke kewaye da shi, domin duk yashin da ya faɗa ciki cikin mai zai tafi. Cire fambel da fulinsa, sai ƙaramin murfin da ke ɓoye tenshina.

Yanzu juya karanshaf da hannu, ta inda agogo ke bi, har fin ya faɗa raminsa a filawil. Gwada juyawa gaba da baya ka tabbata ya kama. Ɗora ƙarfen kulle a kan kamshaf. Ya kamata ya zauna daram da kansa. In ya ƙi, cire fin ka ƙara zagaye ɗaya, kada ka sa guduma.

Sassauta tenshina ka cire shi tare da ɗan fuli. Kwance notin karanshaf ka zaro hob, wato ƙarfen da haƙorin bel ke zaune a kansa, tare da haƙorin. Kwance fulin kamshaf biyu, ka lura na shigar iska daban, na fitar hayaƙi daban, akwai rubutu a jikinsu, ka ajiye kowanne gefensa. Bel ta sama yake fita. Kada ka jefar da shi, ajiye shi a leda.

Goge wurin tas, musamman fuskar hob da bakin karanshaf, su bushe babu maiƙo, tun da matsi ne ke riƙe su. Zura sabon bel ta sama. Kada ka lanƙwasa shi sosai, kada ka murɗa, kada ka tura da sukundireba. Zaren da ke cikinsa in ya karye ba a gani da ido. Ɗora shi kan haƙorin ƙasa, mayar da hob da sabon noti amma da hannu kawai, yadda haƙorin zai iya juyawa. Mayar da fulin kamshaf kowanne ya shiga gurbinsa, ka ɗaure su da sifanar auna ƙarfi: 20 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri) sannan ka ƙara juya noti digiri 120. Sa ɗan fuli, 20 Nm. Sa tenshina, ka juya shi da alanki saɓanin agogo har kibiyarsa ta daidaita da alama, ka riƙe shi a nan ka ɗaure, shi ma 20 Nm. Sai a ƙarshe notin karanshaf, 50 Nm da ƙarin digiri 180, wato rabin zagaye cif. Wannan rabin zagayen yana cin ƙarfi, doguwar sanda nake sawa, yaro ɗaya yana kallon alamar da na yi a kan noti. Waɗannan lambobin na ainihin EB2 ne, wato sunan da kamfani ke kiran wannan injin da shi, ka gwada su da takardar injin da ke gabanka kafin ka ɗaure. Ɗaurin "hannuna ya sani" ba shi da wuri a nan.

Cire kayan kulle, juya inji zagaye biyu da hannu. In ka ji ya tokare, tsaya nan take. Mayar da fin, ɗora ƙarfen kamshaf. Ya zauna ba gardama, taimin ya yi. Duba kibiyar tenshina sau ɗaya kuma, sa sabon oyil sil, ka rufe.

A nan ne da yawa daga cikinmu ke wanke hannu su karɓi kuɗi, kuma a nan ne raina ke ɓaci. Tsohon bel ya fita, amma abin da ya zubar yana nan kwance a ƙasa. Mai mota zai tafi yana murna, bayan wata biyu inji ya buga, a ce sabon bel ne jabu. Wanda ya canza bel bai buɗe botom filet ba, rabin aiki ya yi.

Juye man ta cikin farin ƙyalle ka ga abin da zai tsaya. Kwance botom filet. Da gam aka liƙa shi, don haka yanka gam ɗin da siririyar wuƙa a hankali, kada ka sa kurfi ka ɓata fuskar alminiyam. A wasu motocin sai ka sassauta salansa kafin ya fito. Da na buɗe na Hajiya, rariyar oyil fam ta cushe da baƙin abu kamar jiƙaƙƙen ganyen shayi, ramin da ya rage bai fi ƙwayar wake ba. Na kira ta ta gani da idonta, ta ce, "Innalillahi, da wannan nake ɗaukar yara?" In akwai sabuwar rariya sa ta, in babu jiƙa tsohuwar a fetur, goge da buroshi, hura iska daga ciki zuwa waje, ka ɗaga ta sama ka ga haske ta kowane rami. Wanke botom filet har ka iya shafa farin tsumma ya fito fari.

Ɓurɓushin ba a rariya kaɗai yake maƙalewa ba. Zaro solonoyid biyu da ke sarrafa fulin kamshaf, akwai ƙananan raga a jikinsu, wanke su. Duba hanyar mai ta famfon nan da ke zuƙe iska don birki, in ta toshe ko famfon ya ci, canza shi, kada ka yi ciniki da birki. A mai tabo, duba bututun da ke kai wa tabo mai da notinsa mai rami. Wajen mayar da botom filet, gam siriri kamar zaren taliya ya isa. In ka lafta, rarar da ta matso ciki za ta ɓalle ta koma ta toshe rariyar da ka gama wankewa. Ba shi lokaci ya kama kafin ka zuba mai.

Mai kuwa shi ne ran wannan bel. Da farko kamfanin ya ce 0W-30 mai lambar B71 2312, daga 2024 kuma ya koma ga 5W-30 mai lambar FPW9.55535/03. Nemi lambar a bayan galan. Mai kauri irin 20W-50 da muka saba zuba wa tsofaffin motoci ba na wannan injin ba ne, haka magungunan da ake ƙarawa wai don mai ya yi danƙo, ko na wankin ciki. Bai kai lita 4 yake ci ba, ka zuba ka duba sandar auna mai, kada ya wuce alama. Ina ba da shawarar juye duk kilomita 5,000 ko wata 6, wanda ya riga zuwa, kuma mai gajeruwar tafiya ya riƙa hawa babban titi ko sau ɗaya a mako, rabin sa'a, inji ya yi zafi fetur ya ƙafe daga cikin mai.

Kafin tashin farko, bar koyil a cire ka ba ta ki na ɗan lokaci mai ya zagaya, sannan ka haɗa ka tayar. Fitilar mai ta ɗauke cikin daƙiƙa biyu ko uku. Ɗaura agogon auna matsin mai, ka duba a sanyi ka sake dubawa bayan fanka ta tashi. Leƙa ƙasa ko akwai yoyo. Taka birki sau da yawa a tsaye, sannan ka gwada a fili kafin ka shiga titi.

Na rubuta wa Hajiya ranar da kilomita a ƴar takarda na liƙa a jikin ƙofar direba, na ba ta tsohon bel da ɓurɓushin a leda ta nuna wa maigidanta. Na ce ta dawo bayan kilomita 1,000 a sake juye da filta, domin ragowar dattin da ya ɓuya a hanyoyin mai sai a hankali yake fitowa. Ta dawo ranar wata Asabar. Na tace man a ƙyalle, ɗan baƙi-baƙi kaɗan ya tsaya, na yanka filtar na ga sauran a ciki. Na haska tocila ta bakin zuba mai, bayan bel sumul.