Kurakuran farkon damina da na gaji da gani a Daura

Duk shekara labarin ɗaya ne. Bazara ta gasa mu tun daga Maris, sai wata la'asar a ƙarshen Mayu gabas ta yi baƙi, ƙura ta turnuƙe, a zuba ruwa na awa guda. Washegari wayata ba ta hutawa. Ma'aikatan da suka sayi gona a hanyar Sandamu ko Mai'adua, da samarin da suka karɓi gonar gado bana, kowa tambayarsa ina zai samu iri. To ga gargaɗin da nake yi musu a wuri ɗaya, don bakina ya gaji.

Babban kuskure shi ne ɗaukar ruwan farko a matsayin ruwan shuka. Hukumar kula da yanayi ta Najeriya, wato NiMet, tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, kuma ba ranar saukar ruwa kaɗai take faɗa ba. Tana faɗin tsawon daminar, tana kuma gargaɗi a kan fari, wato kwanakin da ruwa zai ɗauke bayan ya fara. Mutanenmu layin farko suke ji a rediyo su kashe. Wani kuma ɗan'uwansa ne ya bugo daga Funtua ya ce sun yi shuka, sai hankalinsa ya tashi. Funtua daban, Daura daban. Can kudu ruwa yana riga mu sauka da makonni, mu nan sau da yawa sai ƙarshen Yuni ko farkon Yuli damina ke zama da gindinta.

Ni ma na sha wannan ɗacin, shi ya sa nake zafi. Shekarar da na fara noma da kuɗin aljihuna, ruwa ɗaya aka yi na kwashi irin gyaɗa kaf na zuba, har da taki. Kawuna ya tsuguna ya tona ƙasar da yatsa, ya nuna mini busasshen yashi a ƙarƙashin danshin, ya ce, "Ɗana, wannan ruwan kwantar da ƙura ne." Na ce, "Kawu, ai zamani ya canza." Gyaɗa ta tsiro kore shar, na ɗauki hoto na tura wa abokai. Daga nan sama ta yi tsit kusan mako uku. Kullum hadari ya haɗu, iska ta watsa shi. Ina tsaye tsiron ya lanƙwashe ya ƙone. Irin da na sake saya ya fi na farko tsada, takin kuwa ya tafi a banza.

Za ka ce ai tsofaffi har binne suke yi tun kafin ruwa. Gaskiya ne, amma gero suke binnewa, wanda tiya kaɗan ta ishi gona, kuma ko ya lalace ba a yi asarar a zo a gani ba. Gyaɗa da wake ba a yi musu wannan caca. Yanzu ni sai na tona na ga danshi ya wuce taƙi guda, kuma sai an yi ruwa na biyu a kan na farko. Kashi ɗaya cikin uku na iri yana zama a gida. Taki kuwa sai shuka ta miƙe. Wasu manoman za su ce na cika jinkiri. Su yi ta faɗa.

Kuskure na biyu ya fi wannan ciwo, kuma a cikin gida yake. An yi ruwa mai ƙarfi, rana ta fito, tsakar gida ya bushe, sai a ɗauka an wuce wurin. Ba a wuce ba. Katangar ƙasa ta sha ruwa daga gindi, kududdufin unguwa ya cika, ƙasa ta ƙoshi ba ta da inda za ta kai wani. Ruwan da zai biyo baya ko bai kai rabin na farko ba, shi ke yin ɓarna. Haka ta faru da ni. Rariyar gidanmu ta toshe da ledar ruwa da ɓawon rake, na gani da idona, na ce sai Asabar. Daren Alhamis aka yi yayyafi mai ɗan nauyi, wajen ƙarfe biyu muka ji rugum. Katangar bayan ɗakin ajiya ce ta kwanta a kan buhunan dawa da na jingina da ita, a kan daɓe, ba ko katako a ƙasa. Allah Ya kiyaye ba a nan yara suka kwana ba. Da safe mai ɗakina ba ta ce mini komai ba, tsintsiya kawai ta miƙo mini.

Kuma don Allah a daina cewa ambaliya sai Agusta. Ta Jibiya a tsakiyar Yulin 2018 ta zo, cikin dare, ta ci rayuka fiye da 40, ta rushe gidaje masu yawa. Ruwan da zai cinye ka ma ba lallai a kanka aka yi shi ba, yana iya zuba a wani gari ya biyo rafi. Amma sai ka ga saurayi a kan babur ya iso kwalbatin da ruwa ya shafe, ya ɗage ƙafa ya kutsa, wai kada a ce ya ji tsoro. Ka san ko ruwan ya zaizaye rabin hanyar a ƙasa? Ni in ruwa yana gudu kuma ban ga ƙasan ba, kashe mashin nake yi in zauna tare da masu jira.

Yaɓe da gyaran indararo aikin Afrilu ne, ba na ranar da hadari ya taso ba. Ƙusoshin kwano a bi su tun kafin iskar farko, don ita ce ke yaye rufi.

Masu duba yanayi a waya kuma, in ta rubuta kashi 30 cikin 100, ba cewa take ruwan kaɗan ne ba. Nufinta a irin wannan rana guda goma, uku za a yi ruwa, kuma cikin ukun nan ɗaya na iya zuwa da tsawa da iska. Kada ka bar shanya a waje saboda lamba.

Fakewa a gindin kuka ko dalbejiya a tsakiyar gona, da fartanya a kafaɗa, neman aradu ne. Na koya wa yarana ƙirga: daga walƙiya zuwa ƙarar tsawa, kowane daƙiƙa uku kusan kilomita ɗaya ne. In ba su kai 30 ba ƙarar ta iso, ƙwallo ta tashi, kowa ɗaki. Ba sa fitowa sai an yi rabin awa ba a ji tsawa ba. Talabijin da cajar waya kuwa, da na ji iskar gabas ta fara kaɗa ƙofa nake zare su daga bango.