Yadda Unguwa Za Ta Ƙalubalanci Ƙarin Kuɗin Wuta da Gas

Ranar 3 ga Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da wutar lantarki a Najeriya ta ɗaga farashin yunit ɗaya ga 'yan rukunin A zuwa naira 225, ninki uku da ɗoriya na abin da ake biya a da. Mutane suka yi ta kuka a rediyo da Facebook. Kuka yana da amfaninsa, amma duk wanda ya taɓa shiga ofishin wuta da ƙorafi ya san abin da za a fara tambayarsa: ina shaidarka? Duk lokacin da aka sake jin ƙishin-ƙishin ƙari, ga yadda za ku shirya tun kafin a sa hannu.

Mataki na farko, ku san rukunin da aka sa ku. An raba masu amfani da wuta gida biyar bisa awannin da aka yi alkawarin ba su a rana: A awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Rukunin yana bin layin da ke kawo wuta unguwa ne, wanda ma'aikata ke kira fida, ba girman gida ba. Duba rasit ɗin katin da ka saya ko takardar bil, za ka ga harafin. Tela mai keke ɗaya na iya tsintar kansa a rukunin A don kawai shagonsa na kan layi ɗaya da babbar masana'anta.

Mataki na biyu shi ne ƙashin bayan aikin, don haka zan daɗe a kai. Ku sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ku ja layi uku: kwanan wata, lokacin da aka kawo wuta, lokacin da aka ɗauke. A unguwarmu mai sayar da ƙanƙara muka ba wa littafin, domin shi ko ƙarfe biyun dare aka ɗauke sai ya farka, jarinsa ne ke narkewa. Ya rataye littafin da zare a jikin firiza, biro a maƙale. Wani mai cajin waya a ɗaya ɓangaren taransifoma ya riƙe nasa daban. Da wata ya cika muka haɗa, sai ga shi lissafin biyu ya zo ɗaya, kuma awannin ba su kai abin da ake cajin mu a kai ba. Da muka kai wa kamfanin da ke ba mu wuta, jami'in da ya saba sallamar mu da "za a duba" ya zauna yana buɗe shafi bayan shafi. Ku rubuta har ranakun da wutar ta zo ba ƙarfi, wadda ko fanka ba ta juyawa. Dokar da ta zo da ƙarin 2024 ta ce idan fidar rukunin A ta kwana bakwai a jere ba ta cika awanninta ba, a sauke ta zuwa rukunin ƙasa. Ba wanda zai ƙirga muku kwanakin nan in ba ku ba.

Na uku, ku haɗa kai. A sanar bayan sallar Magariba, a nemi mai unguwa ya zauna a gaba, a kira masu injin markaɗe, masu walda, masu aski. Kada a bar mata a baya, su ne suka san abin da kati da gas ke ci a kuɗin cefane. Kowa ya sa sunansa da lambar mitarsa da sa hannu. Mutum uku sun isa su zama wakilai.

Na huɗu, ku rubuta takarda, shafi ɗaya. Ku faɗi rukuninku, awannin da kuka ƙirga, yawan gidajen da har yanzu ba su da mita ana musu bil na kiyasi, sannan abin da kuke nema a fili: a dakatar da ƙarin, ko a sauke ku rukuni, ko a mayar muku da yunit. Ku kai sashen karɓar ƙorafi na kamfanin yankinku, KEDCO ne a Kano da Katsina da Jigawa, Kaduna Electric a Kaduna da Zamfara da Sakkwato da Kebbi, haka sauran. Ku tafi da kwafi biyu, a buga hatimi da kwanan wata a naku. Ƙa'ida ta ba kamfani kwanakin aiki 15. In sun wuce shiru, ku ɗauki kwafin mai hatimi zuwa ofishin sauraron ƙorafi na NERC mafi kusa, daga nan sai hedikwata a Abuja. Akwai kuma hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye. Kada wani ya ce muku ɓata lokaci ne: a watan da aka yi ƙarin, NERC ta ci kamfanin AEDC mai raba wuta a yankin Abuja tarar naira miliyan 200 saboda ya caji waɗanda ba 'yan rukunin A ba da sabon farashi.

Na biyar, idan kamfanoni suka nemi a sake duba farashi, hukuma kan fitar da sanarwa ta nemi ra'ayin jama'a, wani lokaci ta kira zama. Ku aika takardarku kafin wa'adi, ku je zaman. Abin da ke ba ni takaici shi ne kujerun nan galibi lauyoyi da manyan 'yan kasuwa ke cika su, talaka yana gida cikin duhu. Wanda zai yi magana ya riƙe littafin a hannu, ya karanta mako ɗaya daga ciki, ya zauna. Ya tuna musu da Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta yi kwana da kwanaki ba wuta.

Na shida, ku kai kwafi ga ɗan majalisarku na jiha, ba na tarayya kaɗai ba. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar kafa hukumarsu, kuma a 2025 hukumar jihar Enugu ta ba da umarnin rage farashin rukunin A zuwa naira 160. Ku sanar da reshen ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC na jiharku, su ne suka tare ƙofofin ofisoshin NERC da kamfanonin wuta ranar 13 ga Mayun 2024. Amma ku ja kunnen matasa: ba a taɓa ma'aikaci, ba a jona waya ta bayan mita. Ranar da aka kama gida ɗaya da satar wuta, takardar unguwa gaba ɗaya ta rasa daraja.

Gas ɗin girki kuwa hanyarsa daban, domin kasuwa ce ke yanka farashin kilo, ba hukuma ba, kuma yana bin dala da kuɗin dako daga Kudu. Duk da haka matsin lamba yana aiki, shi ya sa gwamnati ta ba da umarnin dakatar da fitar da gas ɗin girkin da ake samarwa a Najeriya zuwa ƙasashen waje daga 1 ga Nuwamban 2024. Ku rubuta farashin kilo a wurare uku kowane mako, ku auna silinda kafin a zuba da bayan an zuba. Inda kuka ga ana tauye awo ko ana ɓoye kaya, ku kai ƙara ofishin NMDPRA, hukumar da ke kula da harkar mai da gas, na jiharku da FCCPC, da rasit a hannu.