Lissafin Maki da GPA a Ƙasar Waje: Abin da Ɗalibin Zariya Zai Sani Tun Makon Farko

Duk wanda ya yi karatu a Samaru ko Kongo, harabobin Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ta Zariya, ya tashi da lissafi guda a kansa: 70 A ce, maki biyar, 60 zuwa 69 B, huɗu, 50 zuwa 59 C, uku, 45 zuwa 49 D, biyu. Tes da aikin gida talatin ko arba'in, sauran duk na jarrabawar ƙarshe. Shi ya sa ɗalibin ABU kan iya yin sakaci rabin zango, sannan ya kwana a aji mako biyu kafin jarrabawa ya fita da B. Ƙanena, idan Allah ya kai ka Amurka ko Kanada, wannan ɗabi'ar ce za ta fara cutar da kai, tun kafin sanyi.

A yawancin jami'o'in Amurka ma'aunin huɗu ne. A tana farawa daga 93, maki 4.0; A- daga 90 zuwa 92, maki 3.7, B+ daga 87, maki 3.3, B daga 83, maki 3.0, B- daga 80, maki 2.7, C+ daga 77, maki 2.3, C daga 73, maki 2.0. Ƙasa da 60 faɗuwa ce. Wato 72 ɗin da za a taya ka murna a kanta a Zariya, can C- ce. Kada hankalinka ya tashi, hannun malamansu a buɗe yake wajen ba da maki ga wanda ya bi ƙa'idar aiki, kuma 90 ba abin mamaki ba ce. Sai dai kowace makaranta da nata iyakokin, wasu ma ba sa amfani da ƙari da ragi, don haka ka nemi na makarantarka a rubuce.

Ranar farko malami zai ba ku silabas, wato takardar tsarin kwas, ko ya ɗora ta a manhajar makaranta irin su Canvas ko Blackboard ko Moodle. Yawancin sababbin zuwa kan duba sunan littafi su ajiye ta. Shafin da ya fi muhimmanci shi ne wanda ya raba ɗari ɗin kwas kashi-kashi. Mu ɗauki misali: aikin gida kashi 20, ƙananan tes na mako-mako kashi 10, jarrabawar tsakiyar zango kashi 25, aikin bincike kashi 15, jarrabawar ƙarshe kashi 30.

A ce ka samu 90 a aikin gida, 70 a ƙananan tes, 72 a ta tsakiyar zango, 85 a bincike. Kowanne sai ka ninka shi da nauyinsa. 90 sau 0.20 ya ba da 18. 70 sau 0.10 ya ba da 7. 72 sau 0.25 ya ba da 18. 85 sau 0.15 ya ba da 12.75. Jimla 55.75, daga cikin 70 da aka riga aka raba. In kana son sanin inda kake tsaye yau, raba 55.75 da 70, za ka ga 79.6 cikin ɗari.

Yanzu tambayar da ta fi amfani: nawa nake buƙata a jarrabawar ƙarshe? Cire abin da ka tara daga abin da kake nema, ka raba da nauyin da ya rage. B na son 83. Cire 55.75, saura 27.25; raba da 0.30, ya ba da kusan 91. B- na son 80, saura 24.25, wato 81 a jarrabawa. A- kuwa ta riga ta wuce ka, domin tana son 34.25 alhali talatin kacal suka rage a faifai. Wannan lissafin na minti biyar shi zai nuna maka kwas ɗin da ya cancanci daren ka da wanda ya riga ya zauna.

Dubi abin da zai faru da ɗalibin nan da ya raina aikin gida ya miƙa rabi kawai. Goma sha takwas ɗinsa ta koma tara, jimlarsa 46.75. Ko ya cinye jarrabawar ƙarshe ɗari bisa ɗari, bai kai 77 ba. Ilimi yana da shi, amma C zai gani. Mun fi jin zafin irin wannan asarar, don ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza ba.

Akwai tarkuna a nan. Makin da manhajar makaranta ke nuna maka sau da yawa na ayyukan da aka duba ne kawai. Aikin da ba ka miƙa ba yana nan ba a sa masa sifili ba tukuna, sai ƙarshen zango lambar ta faɗo. Lokacin miƙa aiki yakan zama 11:59 na dare, kuma kwamfuta ba ta san uzuri ba: wani malami yana zaftare kashi goma kowace rana, wani ba ya karɓa sam. Wasu kwasa-kwasan suna da makin halarta da na magana a aji, kuma kunyar da aka tarbiyyantar da mu da ita a gaban malami can ana karanta ta a matsayin rashin shiri. Ka ɗaga hannu. In Sallah ko Juma'a za ta ci karo da tes, rubuta wa malami tun makonnin farko. Jami'o'i da yawa suna da ƙa'idar uzurin addini, amma ga wanda ya sanar da wuri. Kwafar aikin aboki kuwa, ko ɗebo rubutu daga intanet ba tare da faɗin mai shi ba, manhajar gano kwafe irin Turnitin na kamawa, hukuncin kan fara daga sifili ya kai F a kwas ɗin gaba ɗaya.

Lissafin GPA ɗin kansa, wato matsakaicin makin zango, ba baƙo ba ne gare ka, shi ne na yunit da ka sani a gida. Kwas mai yunit huɗu buhu ne, mai yunit ɗaya tiya ce, ba a auna su ɗaya. Ka ninka makin kowane kwas da yunit ɗinsa, ka tara, ka raba da jimlar yunit. Misali: kwas ɗin Lissafi, yunit 4, B-: 10.8. Kimiyyar sinadarai, yunit 4, C+: 9.2. Rubutun Turanci, yunit 3, A: 12. Tarihi, yunit 3, A-: 11.1. Aikin ɗakin gwaji, yunit 1, A: 4. Jimla 47.1, a raba da 15, GPA 3.14. Wanda ya tara makin kwasa-kwasai biyar ɗin ba tare da duba yunit ba ya raba da biyar zai samu 3.34 ya kwanta da murna, alhali in sharaɗin tallafin karatunsa 3.25 ne, ya riga ya faɗi ƙasa da shi. Haka ma CGPA, wato matsakaicin makin duk zangunan da ka yi: ba a haɗa GPA na zango biyu a raba da biyu sai in yunit ɗinsu daidai suke. A tara dukkan maki, a raba da dukkan yunit.

Da sanyin safiya ake kama fara. Ɗalibin da ya tara yunit 60 a kan 2.6 yana da maki 156. Don ya kai 3.0, sai ya jera A zalla a yunit 24, ko ya riƙe 3.5 har tsawon yunit 48, wato fiye da zango uku. Mai digiri na biyu ma abin ya fi masa tsauri, domin yawancin makarantu na son 3.0, kuma kwas uku kawai yakan ɗauka. B, B, B- sun ba da 2.9, an sa shi a jerin gargaɗi, aikin koyarwa ko na binciken da ke biya masa kuɗin makaranta ya shiga haɗari. Ga masu digirin farko iyakar yawanci 2.0 ce.

In kwas ya fi ƙarfinka, akwai ƙofar fita, amma tana da lokaci. A makon farko ko na biyu kana iya sauke shi ba tare da ya bar tabo ba. Bayan nan sai janyewa, a rubuta W a takardar sakamakonka, wadda ba ta shiga GPA. W ta fi F sau nawa. To amma mai bizar F-1, wato bizar ɗalibi ta Amurka, dole ya riƙe cikakken karatu, yunit 12 ga mai digirin farko, galibi 9 ga na gaba da shi. Ka janye ka faɗi ƙasa da haka ba da izinin ofishin ɗaliban ƙasashen waje ba, ka taɓa zamanka a ƙasar. Ofishin nan za ka fara zuwa, kafin ka danna komai. Harafin I kuma, wanda ake ba wanda rashin lafiya ta hana shi kammala aiki, a makarantu da yawa yana rikiɗa ya zama F in wa'adi ya cika. Maimaita kwas ma ka tambaya: wasu suna goge tsohon makin daga lissafi, wasu suna ƙirga duka biyun kamar yadda kariyoba ke bin mutum a gida.

Mai zuwa Ingila zai ji kamar bai bar gida ba: 70 matakin farko ce, 60 zuwa 69 babban mataki na biyu, 40 ce iyakar ci a digirin farko, 50 a na biyu a yawancin jami'o'i. Hatsarin can daban ne. Kwas guda na iya rataya a kan rubutu ɗaya ko biyu. Digiri na biyu kiredit 180 ne, kundin bincike shi kaɗai yakan ɗauki 60, sulusin sakamakonka ke nan. In ka faɗi ka sake zama, galibi ba za a ba ka fiye da makin ci ba ko me ka rubuta. A Malesiya jami'o'i da yawa na fara A daga 80 a ma'aunin huɗu. A Jamus lambar juyawa take yi: 1.0 ce mafi kyau, 4.0 iyakar ci, 5.0 faɗuwa.

Sai batun sakamakon da ka taho da shi daga Zariya. Kada ka ninka CGPA ɗinka da huɗu ka raba da biyar ka rubuta a fom. Matakan biyu ba su hau kan juna haka ba. Ka rubuta 3.80 bisa 5.00 yadda take, ka bar makarantar ko hukumar tantancewa irin WES ta juya ta kwas bayan kwas. Takardar sakamakon daga jami'arka za ta tafi kai tsaye, kuma takan ɗauki lokaci, don haka ka nema watanni kafin a rufe karɓar takardu. Wanda ya fito daga kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli ma'auninsa huɗu ne dama, amma A ɗinsa ba daga 93 ta fara ba. Ya tabbata takardar da ke bayanin ma'aunin makarantarsa ta bi sakamakon.