In an kawo miki yarinyar da aka yi wa fyaɗe

Salamu alaikum 'yan uwa masu aikin sa-kai a Gusau. Sau da yawa kafin a kira mu an riga an yi wa yarinya wanka, an wanke zanin. Don Allah a dakata. Kayan jikinta a naɗe su a takarda, banda leda, danshi yana lalata shaida.

A wuce asibiti kai tsaye, asibitin Yariman Bakura ko asibitin tarayya na FMC. Maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi, na hana ɗaukar ciki kuma cikin kwana 5. Ko an yi wankan, a kai ta.

Kuma kar ki tambaye ta me ya kai ta wurin. Zauna kusa da ita, ki ce, "Ba laifinki ba ne, 'yata." Maganar kuma kar ta fita unguwa.