Kurakuran da masu kafa harka ke yi wajen raba aiki, neman jagora da tsara lokaci

Mai sabuwar harka yakan kai inda aiki ya fi ƙarfinsa, sai ya ɗauki mataimaki ta intanet, a shafukan ɗaukar ma'aikata irin su Upwork ko Fiverr, don ya rage masa nauyi. Bayan mako biyu sai ka ji yana ƙorafi wai mutumin bai iya komai ba. Sau da yawa laifin ba na mataimakin ba ne. An miƙa masa aikin da mai shi ma bai taɓa zama ya fahimta ba.

Wannan kuskuren ya fi kowanne yawa. "Ka kula min da saƙonnin abokan ciniki" fata ne kawai, ba umarni ba. Wane saƙo za a amsa nan take, wanne za a ajiye maka? Idan mai saye ya ce a mayar masa da kuɗinsa, mataimakin yana da ikon amincewa, kuma iyakarsa nawa? Gyaran shi ne ka yi aikin da hannunka sau uku ko huɗu, kana naɗar allon kwamfutarka a bidiyo kana bayani da baki, sannan ka rubuta matakan a shafi guda. Daga nan ka ba shi ɗan aikin gwaji na awa biyu, ka biya shi haƙƙinsa, ka duba abin da ya kawo. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Kafin ya fara kuma, ka ce ya maimaita maka abin da ya gane da nasa kalmomin. A nan ne za ka gano cewa rabin abin da ka ɗauka ka faɗa, a kanka ya tsaya.

Kada ka tura masa kalmar sirrinka ta imel ko ta banki. Buɗe masa nasa asusun mai iyakantaccen izini, ranar da kuka rabu ka rufe. Akwai kuma aikin da ba a bayarwa tun da wuri, wato magana da masu sayenka na farko. Daga bakinsu za ka ji inda kayanka ya gaza, ɗan aike kuwa taƙaitaccen labari zai kawo maka.

Wajen neman jagora, abin da ke kashe mutane shi ne saƙon nan na "Don Allah ina so ka zama jagorana." Wanda ya yi nisa a harka yana samun irinsa da yawa, kuma ba ya nuna masa abin da ake so ya yi. Dubi Warren Buffett, shahararren attajirin Amurka mai zuba jari. Ya yi karatu a hannun Benjamin Graham, masanin zuba jari, a Jami'ar Columbia ta Amurka, da ya gama a 1951 ya nemi yi masa aiki kyauta, Graham ya ƙi. Buffett ya koma garinsu Omaha, ya ci gaba da rubuta masa wasiƙu yana kawo ra'ayoyinsa kan hannayen jari, har Graham ya ɗauke shi aiki a 1954. Shekara uku yana nuna abin da ke kansa kafin ƙofar ta buɗe. Kai ma tambaya guda za ka yi, wadda za a iya amsawa a layi uku: ga abin da na gwada, ga inda na maƙale, tsakanin hanya kaza da hanya kaza wacce za ka bi? In ya amsa, yi aiki da shawarar ka dawo masa da sakamako. Yawancin masu tambaya ba sa dawowa, shi ya sa ake tuna wanda ya dawo.

Sai batun lokaci. Wasu sukan kwana suna sauya manhajar tsara ayyuka, ko su kwaikwayi lokacin tashin wani attajiri daga barci, su ɗauka aiki suke yi. Cyril Northcote Parkinson ya rubuta a mujallar The Economist a 1955 cewa aiki yakan miƙe ya cinye duk lokacin da aka ware masa, kuma duk wanda ya taɓa ba kansa mako guda don rubuta wasiƙa ɗaya ya san gaskiyar hakan. To matse wa'adin. Dabarar Pomodoro ta Francesco Cirillo, minti 25 na aiki sai hutun minti 5, tana taimakawa ga aikin da kake ta ɗagawa, amma ni ban ga amfaninta ga aikin tunani mai zurfi ba, don ƙararrawar takan kaɗa daidai lokacin da kai ya fara ɗaukar zafi. Irin wannan aikin rabin yini yake so ba tare da katsewa ba, kamar yadda Paul Graham, wani mai zuba jari a sababbin kamfanoni, ya bayyana a 2009, cewa ganawa ɗaya a tsakiyar rana takan raba yinin gida biyu, kowanne ya yi kaɗan ga babban aiki. Tara ganawa da kiran waya a yamma ɗaya ko biyu a mako, ka bar safiya ga aikin da babu mai iya yi sai kai.